Cututtukan ƙwaƙwalwar yara: ta ina kuka ɓullo wa jarrabawa?

'Yar aji biyar, Kabuga: Assalamu alaikum. Jarrabawar sashen yara a karatunmu na likita ta matso, ɓangaren ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kuwa ya ƙi zama mini. Yayyenmu, ku taimaka.

Ɗan aji shida, Gyaɗi-gyaɗi: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ni a bakin iyaye mata na koye shi, ranar kilinik a asibitin Malam Aminu Kano. A jarrabawa yaro ɗan shekara uku aka ba ni, bai iya zama, gaɓoɓinsa a sandare. Tambaya uku na yi wa mahaifiyar: Mama, ya yi kuka da ya faɗo? Ya yi shawara a satin farko? Ya taɓa sanƙarau? Ta ce a gida ta haihu bayan doguwar naƙuda, kuma an jima kafin ya yi kuka. Daga nan bayanin ya miƙe: alama ce ƙwaƙwalwarsa ta taɓu wajen haihuwa. Ki riƙe matakan girma da kyau: wanda ya kai wata 18 bai taka ba, a bincika.

Likita mai hausmanshif (horon aiki bayan gama karatu), Ƙofar Mata: Ni a kan jijjigar zazzaɓi aka tsare ni. Daga wata 6 zuwa shekara 5 ake ganinta. Mai sauƙin tana kama duk jiki, ba ta kai minti 15, ba ta dawowa cikin awa 24. Amma malamin bai bari na huta ba, ya ce a Kano kike fa, waɗanne cututtuka kika tabbatar ba su ba ne? Sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, faɗuwar sukari. Jijjiga ta wuce minti 5, a sa magani. Wani abu kuma, da wuya uwa ta ce miki farfaɗiya. Taune-taune za ta ce, ko iska ta buge shi. Kar ki yi mata gardama, ki ce ta kwatanta abin da ta gani.

Ɗan Fagge: A ƙara da shanyewar ƙafa farat ɗaya. Duk da an tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a 2020, yaro ƙasa da shekara 15 da ya samu irin wannan shanyewar dole a kai rahoto, a ɗauki bayan gida sau biyu. Ni shi aka tambaye ni.

'Yar aji biyar: Na gode, Allah ya saka. Shanyewar ɓarin jiki ga masu sikila fa, tana fitowa?

Ɗan Fagge: Sosai ma.