Kakin da ke shanye zafi: zai zauna lafiya da simintin yumɓu?

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum, injiniyoyi. Sinadaran nan masu narkewa su sake daskarewa, da ake kira PCM, ana iya zuba su a kankaren da aka rage wa siminti, ko ƙarfin ginin ne zai tafi?

Injiniyan Gini: Wa alaikumus salam. Ana iyawa, amma ban da ginshiƙi da duk abin da ke ɗauke da nauyi. Kakin farafin aka fi amfani da shi, mai narkewa tsakanin digiri 23 da 26. Da rana ya narke ya shanye zafin ɗaki, dare ya yi ya daskare ya saki zafin. Kilo ɗaya na tsantsarsa yana haɗiye kusan kilojul 200 (ma'aunin yawan zafi ke nan) wajen narkewa, alhali kilo ɗaya na kankare ko kilojul 1 bai cika sha ba kafin zafinsa ya hau digiri guda. Ana ƙunshe shi cikin ƙwayoyin roba masu laushin gari, kuma ba su da tauri, sai su zama tamkar ramuka a jikin kankare. In injin kwaɓi ya farfasa su, kakin ya lulluɓe siminti ya hana shi kama ruwa. Wurin kakin yaɓen ciki ne ko allon silin. A zuba shi a ƙarshen kwaɓi, a rage gudun inji.

Mai Gwajin Kankare: Gaskiya ne, Injiniya. Shi kuma simintin yumɓu da ake kira LC3, rage masa kilinka ake yi, wato gasasshen dutsen da ake niƙawa a yi siminti: kashi 50 cikin ɗari kilinka ne, 30 gasasshen yumɓu, 15 dutsen farar ƙasa, 5 jifsam. Yumɓun a wajen digiri 800 ake gasa shi, kilinka kuwa sai 1450. Nan ne hayaƙin kabon ke raguwa, har zuwa kashi 40. Sai dai yumɓu ƙishirwa gare shi, ƙwayoyin kakin ma haka. Kwaɓi na yin tauri lebura zai ƙara ruwa, ƙarfi kuma ya zube. Sinadarin sassauta kwaɓi ake sa wa, a riƙa ba kankaren ruwa aƙalla kwana 7, a gwada ƙarfinsa a kwana 28.

Mai Zanen Gini: Malam Ɗan Koyo, duba zafin dare tukuna. In bai sauka ƙasa da inda kakin ke daskarewa ba, zai kwana a narke, gobe ba abin da zai shanye. Dole iskar dare ta ratsa ɗakin. Farafin kuma yana cin wuta. PCM ɗin da ake yi da gishiri ba ya ci, amma yana sa wa rodi tsatsa.