Rediyon dijital ko "rediyon ƙauye"?

Ɗan Mabera: Jama'a, raina a ɓace yake. Jiya ina kan hanyar Illela ina sauraron shirin manoma, ina wuce Gwadabawa sai shuuu, tasha ta ɓace, daidai lokacin da baƙon zai faɗi farashin taki. Irin wanga abu shi ka korar masu sauraro. Norway ta kashe FM na tashoshinta na ƙasa tun 2017 ta koma DAB, wato rediyon dijital. Sauti garau, kuma na'urar watsawa guda na ɗaukar tashoshi fiye da goma, su raba kuɗin dizal. Mu muna nan da rediyon ƙauye.

Inna ta Runjin Sambo: Ɗana, mi kac ce? Ƙauye? Akwatin da nika ji da shi tun asuba ina gyaran wake, shi ne na ƙauye?

Baban Fati: Gwadabawa ma da ya ambata hedikwatar ƙaramar hukuma ce. Degel, inda Shehu ya yi karantarwa, a ƙasar take. A iya baki.

Ɗan Mabera: Inna, Allah ya ba ki haƙuri, na'ura nike nufi, ba mutane ba.

Baban Fati: Magana zarar bunu ce. Sarkin Musulmi Bello a Wurno yake kwance tun 1837. Can ma ƙauye ne?

Abokin Ɗan Mabera: Kai Baban Fati, shekara nawa rabonka da garinku? Ko da salla ba ka zuwa.

Baban Fati: Ka tambayi wanda ya kai ni tasha watan jiya. Kuma ba da kai nike ba.

Mai Gyara, Tsohuwar Kasuwa: Ku bari in sa baki, sana'ata ce. A mitar rediyo, FM tana tsakanin megahaz 87.5 da 108, DAB tana can sama, 174 zuwa 240. Duk akwatin da ke gidajenmu ba zai kama ta ba, sai an sayi sabo. Ƙaramar wayar da ɗan acaɓa ke maƙala wa abin kunne ya zama eriya, ya ji labarai ba data, ita ma ta tashi aiki. Sannan Malam, abin da ya same ka bayan Gwadabawa, da dijital ya fi muni. FM in ta yi nisa tana shuu amma kana tsintar magana. Dijital ɗif take yi. Maganin matsalarka ƙarin ƙarfi ne ko wata hasumiya a can.

Abokin Ɗan Mabera: Dole ka faɗi haka, tsoffin akwatuna ke ciyar da kai.

Mai Gyara: Alhamdu lillahi, da halak nike ci. Sabbin ma in sun lalace wurina za su zo.

Ɗaliba: Ni a Facebook nake kallon shirye-shirye kai tsaye. Ba shi ne dijital ɗin ba?

Mai Gyara: A'a ɗiyata, wannan intanet ne, yana cin data. Muryar Najeriya ta buɗe tashar da ke iya watsa DRM, wani nau'in rediyon dijital, a Lugbe, Abuja, a 2012. Wa ya taɓa riƙe akwatinta cikinku?

Inna: Ni dai har yanzu ban ji ya janye kalmar ba.

Shugaban zaure: To, a tsaya nan. Abin da na fahimta, kowa ya yarda FM ta wadatar, kuma Ɗan Mabera ya yi wa mutanen karkara laifi, waɗanda su ne suka riƙe rediyo da kuɗin batirinsu. Ni ɗan Goronyo ne, na san wanda ke rataya akwati a kafaɗa ya tafi fadama. Ya janye kalmar, ya ba Inna haƙuri.

Ɗan Mabera: Ranka ya daɗe, ban yarda ta wadatar ba, kuma ba wanda ya taɓa zancen kuɗin dizal. Kalmar kuwa na janye. Inna, a yafe mini.