Neman kalma: manhajar da ta ƙi aiki bayan an girka ta, da kuma "troubleshooting"

Malamar Kwamfuta: Assalamu alaikum. Ina neman taimako kafin wayewar gari. Mata nake koya wa kwamfuta a nan Birnin Kebbi, darasin gobe kuwa a kan abin da mutum zai yi ne idan ya sa manhaja a kwamfutar tebur ko laftof, ya danna ta, ta ƙi fitowa. Da Hausa nake rubuta takardar da zan raba, don yawancin ajin Turancin bai zauna musu ba, kuma ƙarfe takwas zan kai wa mai bugawa. Kalmomi uku ne suka tsaya mini: "install", "fails to launch" da "troubleshooting". Ta farko na sa girkawa. Ta biyu ina tsakanin "ta ƙi buɗewa" da "ta ƙi tashi". Ta ukun ita ce kan darasin ɗungurungum, har yanzu gurbinta fili ne.

Ɗan Kaura: Wa alaikumus salam. Girkawa, ta ƙi buɗewa, warware matsala. Ki buga kawai, Malama.

Mai Fassara: Warware matsala ta yi faɗi, sulhunta mata da miji ma warware matsala ne. Aikin da ake nufi shi ne wanda ake yi tun ba a san abin da ya lalace ba: a gwada wannan, in ba shi ba ne a ajiye shi, a gwada na gaba. Ni "gano matsala" nake sawa a aikina.

Mai Gyara Gusau: Malama, ki ɗauki tashi, ki bar buɗewa. Mutum zai kira ni ya ce abu ya ƙi buɗewa, sai na gaji da tambaya kafin in gane takardarsa ce ta lalace, Word ɗin kansa lafiya lau yake. Fayil ake buɗewa, manhaja tashi take yi. Duk wanda ya taɓa jan igiyar janareta ya san bambancin wanda ya ƙi tashi da wanda ya tashi ya mutu, to haka nake so ɗalibanki su riƙa faɗa. Hali uku ne. Ta ƙi tashi: an danna, ɗan zoben nan ya juya, shiru. Ta tashi ta mutu: fuskarta ta leƙo, ta ɓace. Ta sandare: ta fito amma ba ta amsa linzami, ta yi fari-fari. Kowanne da inda ake fara nemansa. Idan mace ta ce min "ta ƙi tashi, kuma ta rubuto VCRUNTIME140.dll", ko ban ga kwamfutar ba na san Visual C++ Redistributable ne babu, wato tarin fayilolin Microsoft da manhajoji da yawa ke dogara da su. Idan ta ce "ta ƙi buɗewa" kawai, sai ta biya kuɗin mashin ta ɗauko ta zuwa shago.

Malamar Kwamfuta: Na karɓi tashi, Allah ya saka da alheri. Girkawa fa? Ina tsoron kada ajin ya tafi wajen tukunya.

Ɗalibar Hausa: Ba zai tafi ba, Anti. Girka kafa abu ne ya zauna a mazauninsa, shi ya sa ake cewa an girke jami'an tsaro a hanya. Ki bar ta.

Mai Gyara Gusau: A shago ɗorawa muke cewa, amma ki riƙe girkawa, tana da amfani. Sau da yawa yaro zai kwafi ɗan hoton da ke fuskar kwamfutar abokinsa, mai 'yar kibiya a gefe, ya zuba a filash, ya kawo gida yana ganin ya samo manhaja. Abin da ya ɗauko bai wuce 'yan kilobait ba, nuni ne kawai zuwa wurin da babu shi a tasa kwamfutar. Ya tura, ya sa, amma bai girka komai ba. Wannan bambancin kaɗai ya isa darasi guda.

Baba Tsohon Hedimasta: Ɗiyata, sannu da ƙoƙari. Daga Argungu nike biye da ku. Kahin a kai ga wanga duka, wa yac ce a kira abin ga manhaja? Mu da munka tsuhwa cikin aji, manhaja ita ta tsarin abin da za a koyar daga hwarkon shekara har ƙarshe. Gidajen rediyo sunka ɗauke ta sunka ba waya, kowa yab bi ba tambaya. Na bar wagga tukuna. Batun kan darasi, matsala ba ta yi ba, komi na duniya matsala na. Abin da ka samun na'ura tangarɗa ta. Hausa kuwa tana da hanyar ƙera suna: duba-gari, hana-salla, gyara-kayanka. Don haka ki rubuta DUBA-TANGARƊA. Kalma guda, ba aro, kuma yaro na ji ya san inda anka dosa.

Ɗalibar Hausa: Baba, Allah ya ƙara girma. Tangarɗa ta zauna daram, ta fi matsala nesa ba kusa ba. Inda nake da ja shi ne ginin. Duba-gari mutum ne, ma'aikacin da ke zagaya gidaje. Kunne zai bi wannan sawun, ya ɗauka duba-tangarɗa sunan mai gyara ne, alhali Anti sunan aiki take nema.

Baba Tsohon Hedimasta: Fasa-ƙwauri mutum na ko aiki? Ki ba ni amsa.

Ɗalibar Hausa: Aiki ne, Baba, shi ya sa ake cewa ɗan fasa-ƙwauri. Ginin yana ɗaukar duka biyun, ban musa ba. Amma duk wanda ya fara da duba, duba-gari zai fara faɗo wa mutum a rai. Ga kuma duba da muka sani na masu bugun ƙasa. A ajin mata a ce yau za a koyi duba, sai an tsaya bayani.

Ɗan Kaura: Don Allah mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ku shiga duk inda ake gyaran waya da kwamfuta daga Gusau har Jega, instolin za ku ji, da hangin, da fomatin. Ranar da ɗalibar Malama ta je ta ce a yi mata duba-tangarɗa, yaron shago kallonta zai yi. Mota da tebur da bokiti duk aro ne, ba wanda ya mutu.

Baba Tsohon Hedimasta: Mota ta shigo don ba mu da mota. Bincike da gyara kuwa muna da su tun kahin a haihi kakan wanda yaƙ ƙera kwamfuta. Malamanmu sun rubuta waƙoƙin Hausa da ajami a Gwandu da Sakkwato tun Bature bai zaka ba, sun hwaɗi tauhidi da hukunce-hukunce da ita. Harshen da yaɗ ɗauki wanga shi za a ce ya kasa ɗaukar gyaran na'ura? Lalaci na, ɗana, ba rashin kalma ba.

Mai Fassara: Ranka ya daɗe, manhaja da matsala da na'ura da darasi duk daga Larabci suke, ita kanta kalma haka. Me ya sa aron jiya ya halatta, na yau ya zama lalaci? Sannan ina roƙon a lura, takardar makaranta da daidaitacciyar Hausa ake rubuta ta, ba da karin harshen wani yanki ba.

Baba Tsohon Hedimasta: To an zo wurin. Wa yak kawo zancen yanki? Tangarɗa ta Argungu ta? Ko rubutuna na ka tsone maka ido? Mun san tarihin daidaitawar nan. An hwara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya 1939, an kahwa Hukumar Hausa 1955, anka ɗauki Kananci anka yi shi ma'auni. Ba mu ƙi ba, da shi munka koyar. Amma ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da kalmomin da anka yi ma alamar Sakkwato. Ba a ce Hausarmu ba Hausa ba ta.

Mai Fassara: Ban raina Hausar kowa ba, Baba, ni ma ɗan Talata Mafara ne, a gida munka da sunka nake yi. Takardar nake magana a kai.

Ɗan Kaura: Kullum haka ake. A nemi kalma ɗaya, a ƙare a Kano da Sakkwato.

Malamar Kwamfuta: Baba, Yaya Mai Fassara, ku yi wa Allah ku yi haƙuri, dare yana yi. Ga abin da na rubuta zuwa yanzu, a duba min. "Idan manhaja ta ƙi tashi bayan girkawa, ki fara kashe kwamfutar ki kunna. In ta ƙi, ki cire manhajar ki sake girka ta. In har yanzu ta ƙi, ki karanta saƙon da ta fito da shi."

Mai Gyara Gusau: Malama, ki juya jerin. Karanta saƙo shi ne na farko, ta ɗauki hotonsa da waya kafin ta danna OK. Mutanenmu da sun ga akwatin gargaɗi sai su rufe shi da sauri, alhali amsar tana ciki. Sake girkawa a can ƙarshe yake, yana cin data da lokaci, kuma in dalilin yana nan, abin da ya faru shi zai sake faruwa.

Bayan hoto, ta yi Restart. Ki rubuta musu Restart ɗin da sunansa, domin a Windows 10 da 11 Shut down ba kullum yake wanke komai ba, saboda tsarin saurin kunnawa. Sannan ta danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito, wato jerin manhajojin da ke aiki a lokacin. Wani lokaci manhajar ta tashi a ɓoye ta maƙale, sai an kashe waccan sabuwa za ta fito. Sannan dannan dama a kan hoton manhajar, Run as administrator.

In duk bai yi ba, sai a tambayi kwamfutar kanta. Yawancin kwamfutocinmu na hannu ne. Windows iri biyu ne, mai 32-bit da mai 64-bit, kuma mai 32 ba ya ɗaukar manhaja mai 64 ko kusa. Lambar nan 0xc000007b da ke fitowa a saƙon gargaɗi ma galibi cakuɗar fayilolin 32 da 64 ce ke kawo ta. Ga tsufa: Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Chrome ma a sigarsa ta 109 ya tsaya masa. Sabuwar manhaja za ta iya shiga ta zauna, amma ba za ta tashi ba. Sai antibairos, yakan kama fayil ɗaya ya tsare bayan an gama girkawa, musamman irin manhajojin da ake yawo da su a filash. A duba Protection history a Windows Security. In ya kama abu, kada ta sake shi sai ta tabbatar da inda manhajar ta fito.

Abu ɗaya ki rubuta da manyan baƙaƙe: kada kowa ya sauko da fayil ɗin DLL, wato mai .dll a ƙarshen suna, shi kaɗai daga shafin da bai sani ba. Daga shafin Microsoft ake ɗauko Visual C++ ɗin, na x86 (mai 32) da na x64 (mai 64) duka in Windows ɗin mai 64 ne. Masu son zurfi su buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ya faru, sashen Application, lamba 1000 tana faɗin sunan fayil ɗin da ya kayar da manhajar.

Ɗalibar Hausa: Run as administrator fa? "Ta da ita da ikon mai gida"?

Malamar Kwamfuta: A'a ƙanwata, wannan ba zan taɓa ba. Duk abin da ke rubuce a fuskar kwamfuta haka zan bar shi, don shi idonsu zai nema. A ƙarƙashi zan yi bayani da Hausa. Amma abin da Mai Gyara ya jero ya nuna min inda kan darasin yake. Duk matakan nan nema ne, gyaran kansa sau da yawa danna biyu ne. Kenan gano na Yaya Mai Fassara, tangarɗa ta Baba. "Gano tangarɗa".

Mai Fassara: Na yarda. Zan ma koma amfani da ita.

Baba Tsohon Hedimasta: An yanke kalmata biyu an ɗauki rabi. Gano sai an gama, duba tun daga hwarko ta. Wanda yab bi matakan ga duka bai samu komi ba, mi yag gano?

Ɗalibar Hausa: Nan kam Baba yana da hujja. "Neman tangarɗa" kuma sai a ji kamar neman rigima. Ga wata shawara: a cikin Windows akwai abin da ake kira Troubleshooter, wanda ke bin matakan da kansa. Shi ne ainihin ɗan'uwan duba-gari. A ba shi duba-tangarɗa, aikin kuma a bar shi gano tangarɗa.

Mai Gyara Gusau: Akwai shi, har da na tsofaffin manhajoji, a shafin Compatibility cikin Properties. Ba kullum yake samo abin ba, amma ya cancanci layi ɗaya a takardar.

Baba Tsohon Hedimasta: Ba haka nis so ba. Amma tunda yara na jira, ki buga. Sharaɗina guda, ki rubuta ta da karan ɗori a tsakiya yadda nir rubuta. Zancen manhaja kuwa ban janye ba, zan buɗe mashi nashi zaure.

Malamar Kwamfuta: Da karan ɗorinta, Baba, na gode ƙwarai. Kan takarda: "Gano tangarɗa: idan manhaja ta ƙi tashi bayan girkawa". Hali ukun Mai Gyara su ne sakin layi na farko. Allah ya saka wa kowa.

Ɗan Kaura: Allah ya ba da sa'a. Amma ki sa instolin ko sau ɗaya a gefen girkawa, don ranar da za su je shago.

Mai Fassara: "Ta tashi ta mutu" jimla ce, ba suna ba. Me za a kira "crash" idan ana son a ce ya faru sau uku?

Mai Gyara Gusau: Mutuwa. Ta mutu sau uku.

Ɗalibar Hausa: Mutuwa ta kwamfutar ce gaba ɗaya, Yaya. Ni faɗuwa nake gani.

Malamar Kwamfuta: Wannan yana darasin mako mai zuwa, ku ci gaba, zan dawo in karanta in na taso daga aji.