Yadda ake shirya kek da dubulan kafin a ɗauke su hoton talla

Maman Ilham, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina sana'ar kek da kayan gara, wato alkaki da dubulan da cincin, kuma yawancin masu saye ta Instagram da WhatsApp suke samuna. Damuwata ita ce, kek zai tashi da kyau har kowa a gida ya yaba, amma da zarar na yanka na ɗauki hoto sai ya fito a dagargaje, kirim ya shafe jikin yankan, launinsa kuma ya koma rawaya kamar ya kwana. Dubulan kuwa tuli guda yake fitowa, ba a ganin ƙirarsa. Da waya nake ɗauka, a kicin, da daddare bayan na gama aiki. Me ya kamata in gyara?

Sani Mai Hoto, Kaduna:
Wa alaikumus salam Hajiya. Rawayar nan daga ƙwan lantarki take, don haka ki bar ɗauka da daddare. Ki ajiye tebur kusa da taga da hantsi, ki kashe fitilar ɗakin gaba ɗaya, ki saki farin labule idan rana ta faɗo kai tsaye. Hasken ya zo daga gefe ko daga bayan kek ɗin, domin shi ne ke fito da laushin cikinsa, sannan ki jingina farin kwali a ɗaya gefen ya rage duhun inuwa. Kek mai hawa biyu ko uku ana saukar da waya daidai tsayinsa, dubulan kuma daga sama ake ɗaukarsa. Ki zaɓi guda bakwai ko tara waɗanda suka fi kyau ki jera a faifai da ɗan tazara, sauran su jira a roba.

Anti Bilki:
Ƙanwata, na sha wannan wahala kafin in gane cewa laifin na wuƙa ne da gaggawa. Ki sa kek ɗin a firji kamar minti 30 har kirim ya kama jikinsa, ki tsoma doguwar wuƙa a ruwan zafi, ki goge ta da tsumma mai tsabta, ki danna ta sau ɗaya har ƙasa, kuma ki sake gogewa kafin yanka na biyu. Idan ɓurɓushi ya manne a kirim, da tsinken sakace nake ɗauke shi ɗaya bayan ɗaya. Bota tana narkewa tun wajen digiri 32 zuwa 35, wanda a zafin watan Afrilu na Kano ba wani abu ba ne, shi ya sa nake shirya faranti da waya da komai, in gwada hoton da kofi a gurbin kek, sai a ƙarshe in fito da shi. Da hunturu kuma fuskar yankan bushewa take yi nan da nan, sai ki rufe ta da leda har lokacin ɗauka.

Sani Mai Hoto, Kaduna:
Na manta da bidiyo, Hajiya. Ki tsayar da wayar a tsaye a kan abin da ba ya motsi, ki bar hannunki kaɗai ya yi aiki, ko ɗaga yanka ko ɓalla alkaki a ga yadda ya sha zuma. Idan dole sai da fitila, ki saita hoto 25 ko 50 a daƙiƙa, saboda wutar lantarkinmu 50Hz ce, wato tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, in ba haka ba hasken zai riƙa ƙyaftawa. Tururi kuma ba ya fitowa sai da haske daga baya da bango mai duhu, kuma wasu suna ɓoye auduga da aka jiƙa da ruwan zafi a bayan burodi domin ya ƙaru.

Anti Bilki:
Malam Sani, ban ƙi audugar ba, tunda burodin shi ne dai wanda za a sayar. Abin da ba na yarda da shi shi ne a ninka kirim ko kauri domin hoto, alhali ba haka za a kai wa amarya ba. Maman Ilham, yankan da kika nuna ya zama daga irin kwaɓin da kike sayarwa, da yawan kirim ɗin da kike sawa a kowane oda.