Mayafin wuya mara nauyi: yaya naku ya kaya?

Sabuwar Hannu: Sannunku 'yan'uwa. Sati uku ke nan ina fama da saƙa mayafin wuya na farko da tsinke biyu. Na ɗora ido 40 (wato madaukan zare a kan tsinke), ina yin layi ɗaya saƙar gaba, ɗaya ta baya. Ya fara tsawo, amma gefensa ya naɗe kamar tabarma, ga tauri. Ni kuwa mai laushi nake so, wanda iska za ta ɗaga. Ku faɗa min yadda kuka yi.

Tsohuwar Hannu: Ƙanwata, ba hannunki ba ne, halin wannan saƙar ke nan. Gaba da baya idan ana musaya su layi-layi, dole ta naɗe, ko guga ba ta hana. Ni ma na taɓa kai nawa rabi kafin na haƙura na warware, har da ƙwalla. Na koma saƙar gaba zalla a kowane layi, ya kwanta lif. In kina son santsin tsakiyar, ki bar ido 4 ko 5 a kowane gefe kina musu gaba zalla.

Taurin kuma daga tsinke ne. Zare siriri da aka rubuta masa tsinke mai kaurin milimita 3, ni da mai 5 nake saƙa shi. Idanun sai su buɗe, mayafin ya zubo a wuya kamar ruwa. Ranar da na gane haka na daina neman wani zare na musamman.

Mai Hannun Hagu: Gaskiya Yaya ta faɗa. Ni matsalata daban ce: na fara da ido 30, ban ankara ba suka zama 37. Ashe a farkon layi ina jan zaren ta saman tsinke, ido ɗaya ya yi kamar biyu, in saƙa duka. Yanzu duk layi biyar sai na ƙirga.

Uwar Biyu: Da auduga na yi nawa saboda ulu na sa min ƙaiƙayi. Ba ta miƙewa, yatsuna sun ji jiki, kuma ta fi nauyi kaɗan, amma a fata ba ta da na biyu. Abin da ya ɓata min rai, zare ya ƙare saura kaɗan, na ƙaro wani mai launi ɗaya amma lambar rini daban. A rana layin ya fito ɓaro-ɓaro. Ki duba lambar a jikin takardar zaren, ki saya duka lokaci guda.

Tsohuwar Hannu: Na manta: wurin rufe idanun a ƙarshe ki ɗauki tsinke mafi kauri, kada bakin ya tsuke. In kin gama ki jiƙa shi, ki danne ruwan cikin tawul, ki shimfiɗa a kwance. Kada ki murɗe, kada ki rataye, zai zazzago.

Sabuwar Hannu: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na warware tun ɗazu, na ɗora ido 32 a tsinke mai milimita 5. Layi goma ke nan, bai naɗe ba.