Dan Allah ku ba ni shawara: Mamanmu ta zumunta tana kwance, amma tana ɗaya ɓangaren

Maman Biyu:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ina neman shawara dan Allah, abin nan ya hana ni barci kwana uku kenan. Ni ce sakatariyar Zumuntan Mata a wata ƙaramar ikkilisiyar Methodist a ƙasar Karim Lamido, ba zan faɗi ƙauyen ba kuma ba zan faɗi ɓangaren da muke ba, ba wannan ya kawo ni ba. Kowa dai ya san abin da ya same mu a 2024, bayan babban taron da aka yi a Charlotte ta Amurka ikkilisiya ta tsage biyu, wasu suka tsaya a United Methodist wasu suka bi Global Methodist. Mu 46 ne a rajista kafin abin, yanzu mu 27 muka rage.

Toh akwai wata Mama, gwauruwa ce ta haura saba'in, ita ce mai buga mana tulu tun ina amarya, ita ta koya min ɗaurin ɗankwalin zumunta, ranar da na haifi 'yan biyu ita ta kwana tana riƙe min ɗaya. Ɗanta ya koma wancan ɓangaren, a gidansa take zaune ai dole ta bi shi. Lokacin yankan shinkafa ta faɗi a gona, hawan jini, aka haye da ita kogi ta Lau zuwa asibiti a Jalingo, sati biyu suka yi yanzu an dawo da ita gida, ɓarin dama baya motsi maganar ma da ƙyar take fita.

Muna da asusu, duk Alhamis kowace ta ba da naira 200, da kaka kuma mudu biyu na hatsi. Dokarmu duk wadda ta kwanta asibiti a ba ta dubu 15, mu sa yunifom mu je mu yi mata waƙa da addu'a. Na buɗe littafin na duba, sama da shekara ashirin layin Mama babu rami ko ɗaya sai da aka rabu. Da na kawo maganar a taro sai wuri ya yi tsit, ma'aji ta ce kuɗin na waɗanda suka tsaya ne, wata ta ce su da suka tafi su kula da nasu, uwar zumunta kuwa ko uffan. Shekaranjiya na bi ta ƙofar gidan, ta tsakanin zana na hango ta a kan tabarma jikarta na ba ta kunu da cokali yana zuba a gefen baki, da ta ganni sai ta ɗaga hannun hagu. Daga ƙofa na gaishe ta na wuce, kunya ta ishe ni. Shin in tafi ni kaɗai ne ko da za a ce na ci amana? Kuɗin kuma yaya zan yi, tana da haƙƙi a ciki ko babu?

'Yar Zing:
Haba Maman Biyu, wannan ma har sai kin tambaya? Gobe da safe ki dama kunu ki je. Zuwa gaisuwa baya buƙatar izinin kowa. Maganar kuɗi ce kawai ta taro.

Tsohon Malami:
'Yata, Allah ya sa miki albarka da kika buɗe littafin nan. Bari in ba ki labarin inda irin asusunku ya samo asali, don da yawa cikinmu muna sa rigar Methodist amma ba a gaya mana ba. A 1742 a garin Bristol na Ingila, bashin ginin ɗakin sujada ya sha kan su John Wesley, wanda ya kafa Methodist. Wani da ake kira Kyaftin Foy ya ce kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a sati. Aka ce masa ai wasu ba su da ko kwabon, sai ya ce a haɗa shi da mutum goma sha ɗaya mafi talauci, shi zai riƙa bin su gida-gida duk sati, wanda ba shi da shi zai biya masa. Haka aka raba jama'a sha biyu sha biyu kowane rukuni da shugaba. To masu bin kwabon nan su ne suka riƙa gano wa ke kwance, wa ya daina zuwa, gidan wa babu abinci, har abin ya zama taron aji da muka gada. Kin ga kenan tun farko kuɗin da ziyara tare suke tafiya, mai karɓar kwabo shi ne mai duba mara lafiya. A 1743 kuma Wesley ya rubuta ƙa'idodi uku na jama'arsa: kada a cutar da kowa, a yi alheri, a riƙe ibada. Dukan ɓangarorin biyu har yau da waɗannan suke tafiya, babu wanda ya soke su. Mu da muka taso a ƙasar Wurkun, tun da ɗan mishan Guinter ya kafa aiki a Bambur a 1923 iyayenmu ɗaki ɗaya suka yi sujada, Maman nan tana cikin waɗanda suka ɗebo ruwa da yashi a kai aka gina wuraren da ake ta shari'a a kansu yau. Ki karanta wa matan Yakubu 1:27 a taro, ayar nan ta kula da marayu da gwauraye, kada ki ƙara komai a kai, ki zauna.

Ɗan Karim:
Baba na ji ka kuma ban ƙi ba, amma Anti ki yi hankali. Wanda baya ƙasa bai san zafin abin ba. An rasa rayuka kan rikicin nan a Munga Dosso, nan ƙasar Karim Lamido, a Disamba 2024, akwai gidajen da har yau wa da ƙani ba sa cin tuwo kwano ɗaya. In kuka kwashi mata ashirin da yunifom da tulu kuka shiga gidan mutumin nan ba sanarwa, wani zai ce kun zo ƙwace masa uwa ne, naku kuma su ce kin fara lallaɓawa can. Ni dai ki fara samun ɗan nata ki ce masa gaisuwa kawai kika zo, kuma fastonku ya ji daga bakinki kafin ya ji a kasuwa.

Ma'ajin Matasa:
Ni kan kuɗin zan yi magana don na riƙe asusu shekara shida. Ko sisi kada ki taɓa sai taro ya yarda an rubuta a minit, in ba haka ba alherin zai koma zargi kuma ke za a kira ɓarauniya. Ki duba dokar taku da kyau, ta ce "memba" ne ko ta ce "wadda take biya"? In babu inda aka rubuta abin da zai faru da wadda ta bar zumunta to ba Mama kaɗai ba ce, mata 19 ne ke da gumi a asusun nan, gara ku zauna ku yanke magana ɗaya a kansu duka. In sun ƙi, ki ajiye faranti daban bayan taro, mai so ta saka.

Nas Talatu:
Ni aikina zan faɗa. Mai shanyewar ɓarin jiki abin da ke kayar da su a gida gyambon kwanciya ne da shaƙewa. A riƙa juya ta kamar duk awa biyu, a duba ƙugu da diddige da bayan kafaɗa, tabarma a ƙasa ta yi mata tauri a samo katifa ko ta yara ce. Kada a ba ta kunu tana kwance, a tayar da ita zaune sosai, kunun ya yi ɗan kauri, cokali kaɗan kaɗan, in tana tari a dakata. Maganin hawan jini ba a dainawa don an ga sauƙi, a rage gishiri da magi, a riƙa motsa mata hannu da ƙafar kullum a hankali ba tare da fizgar kafaɗa ba. Yarinya ɗaya ba za ta iya wannan ba wallahi, ko dubu 15 ɗin ba su kai mata huɗu masu karɓa-karɓa amfani ba.

Matar Fasto:
Amin Nas. Maman Biyu kada ki yi fushi da ma'ajinku, wataƙila ita ma akwai abin da aka gaya mata lokacin rikicin da bai bar ta ba har yanzu. Shirun uwar zumunta ma ni ban ɗauke shi ƙi ba, ki same ta a gida ku biyu. Mu a nan da aka yi rasuwa matan sauran ikkilisiyoyi, na COCIN da na LCCN da na Katolika, duk sun zo da zanensu sun kwana da mu, balle wadda kuka yi shekara ashirin kuna cin jibin Ubangiji tare.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na bi maganar Ɗan Karim, jiya da yamma na gaya wa fasto, ya ce in je, shi ma zai nemi faston can su yi magana. Na samu ɗan Mama a bakin injin niƙa, ya yi shiru ya daɗe sannan ya ce ƙofa a buɗe take amma dan Allah banda maganar coci. Yau da asuba na je da kunun gyaɗa, uwar zumunta ta biyo ni da katifar jikanta a kai, ashe ita ma abin na cinta. Mun tayar da Mama zaune yadda Nas ta ce, ta sha rabin kofi. Akwai ɗan ja a ƙugunta na dama, Nas me za mu shafa? Maganar kuɗi ma'aji har yanzu ba ta yarda ba, mun sa shi a ajandar Alhamis tare da na sauran 18 ɗin. Mata uku sun ba da suna za su riƙa zuwa juya ta, muna neman ta huɗu ta ranar Asabar.