Harsashin bogi na maƙalewa a bindiga, wane iri zan saya?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyon harbi a wani kulob mai lasisi a Riyad, da ƙaramar bindiga mai harsashi milimita 9. Malaminmu yana cusa harsashin bogi (wanda ba ya tashi) cikin na gaske a magazin, wato gidan harsashi, ba tare da mun sani ba, don idan kunama ta yi ƙas bindigar ba ta tashi ba, mu doki gindin magazin, mu ja saman bindigar, mu ci gaba.

To na robar da na saya sun hana ni sakat. Ƙugiyar da ke fitar da kwanson harsashi ta cinye bakin gindinsu, yanzu in na ja sai ta zame, na bogin ya zauna a ciki, na bayansa ya taho ya dunƙule a kansa. Dole sai malam ya cire magazin ya zungure shi da sanda, lokacin da na biya kuɗinsa yana tafiya a banza. Na wanke ƙugiyar, na sauya magazin, duk ɗaya. Da harsashin gaske kuwa lafiya lau.

Masu gindin tagulla ko na alminiyam, wanne ne ya fi jure cizon ƙugiyar nan? Na gode.